Gero Kafin Rufi

Mota ɗaya ƙungiyar agajin take da ita, wata tsohuwar kamiyo ta ɗaukar kaya mai shuɗin kai da Idirisu ke tuƙawa, kuma a ƙarshen makon nan za ta wuce Takieta wurin masu haƙar rijiya, ba ta dawowa sai bayan makonni. Kafin ta tafi ayyuka uku ke jiranta, lokaci kuwa ba zai ɗauki fiye da biyu ba. Akwai kwanon rufi da katako da za a kai Kwarin Gawo, wani ƙauye a bayan Tirmini, inda aka gina sabon rumbun tsimi, bango ya tashi, rufi ya rage. Akwai geron ƙauyen da ke ajiye tun kaka a wani soron ƙasa a Tirmini, wanda za a kwaso a zuba a sabon ginin. Sai kujeru da rumfuna na bikin buɗewa.

Wasila ce ke tsara jadawalin aikin. Shekararta ta farko ke nan a ƙungiyar bayan ta gama karatu a Yamai ta dawo gidansu a unguwar Kara-Kara cikin Damagaram, kuma abin da ta tsara ba ya buƙatar dogon bayani: a kai kwano yanzu, kafintoci su rufe gini, in mota ta dawo daga Takieta a kwaso gero. Geron nan shi ne abincin Kwarin Gawo na tsakiyar damina. An saye shi lokacin da yake araha, da gudummawar ƙungiya da abin da matan ƙauyen suka tara, don a sayar wa mutanen gari da rangwame sa'ad da rumbunan gida suka ƙare, sabo bai nuna ba. Bara damina ba ta yi kyau ba, gidaje da yawa sun riga sun koma cin abinci sau ɗaya a yini.

Alkasum, shugaban aikin, wanda kowa ke kira Mushe irin na Faransanci, ya saurare ta a buro, ofishin ƙungiyar, yana juya cokali cikin kofin shayi. Da ta gama ya ce tsari ya yi kyau, makaranta ba ta ci kuɗin banza ba, sai dai ta manta abu ɗaya: babban baƙo zai taso daga Yamai don ya buɗe rumbu, kuma ba a buɗe rumbu fanko. Masu ba da tallafi hoton buhuna suke son gani. Saboda haka Idirisu zai kwashe gero, sannan ya kai kujeru. Kwano kuwa ɗan kwangila ya yi alkawarin zai kawo da kansa jibi, in Allah ya yarda.

Ta tuna masa cewa ɗan kwangilar ba shi da mota, kuma wannan jibin an sha jin sa tun farkon bazara. Ta ce watan biyar ya ƙare, iska ta juya, ko yau ruwa ya sauka ba wanda zai yi mamaki. In har dole ne gero ya riga rufi shiga ginin, to a ciro abin da aka ware don ko-ta-kwana a sayi tamfol babba a lulluɓe buhunan.

Alkasum ya ajiye cokalin. Kuɗin ko-ta-kwana, ya ce, sun riga sun yi aikinsu. An sayi rago, an buga atamfa mai tambarin ƙungiya don matan ƙauye su sa, an ba makaɗa kafin alƙalami.

"Shef, wannan ba ko-ta-kwana ba ne. Biki an san da shi tun ranar da aka haƙa tushe."

"Ƙanwata, ke kin san takarda, ni na san mutanen da ke sa hannu a takardar. In baƙon nan ya koma da fushi, baɗi ba rumbu, ba rijiya, ba ke, ba ni."

Ta ce to a bar komitin ƙauyen ya yanke, tunda geronsu ne. Ya yi murmushi ya ce madalla, gobe ma akwai taro.

An yi taron a gindin gawon da ke gaban masallaci. Malam Gana, shugaban komitin, dattijo ne mai sanyin murya, yana zaune kan buzu da carbi a hannu. Mata na gefe, a gabansu Inna Rakiya, wadda ta bi gida gida ta tara gudummawar mata, kuma ita za ta riƙe mabuɗin rumbun. Zafi ya kai inda ko awaki ba sa motsi. Kowa ya gyara gonarsa, iri na cikin ƙwarya, ana ta duban gabas.

Wasila ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta ce a makaranta an koya musu cewa kafin a fara aiki a zauna a lissafa abubuwan da za su iya ɓata shi, a yi wa kowanne tanadi. Ta fara da jinkirin ɗan kwangila, aka gyaɗa kai. Ta ambaci gara da ɓeraye, aka gyaɗa kai. Sai ta ce na uku, wanda ya fi duka, shi ne ruwan sama: in ya sauka gero na cikin ginin da ba rufi, an yi asarar da ba ta da magani.

Wani daga baya ya yi a'uziyya a hankali.

Alkasum ya karɓi zancen cikin raha, ya ce su yi wa injiniyarsu uzuri, a littafinsu na Yamai ruwan sama layi ɗaya yake da gara da ɓera. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Malam Gana ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Ɗiyata, mu nan ba ma sa rahamar Allah cikin jerin annoba. Abin da muke kwana muna roƙo, ba a tsaya gaban masallaci a ce ana tsoronsa. Baki shi ke yanka wuya."

"Baba, ba ruwan nake ƙi ba. Cewa na yi a bar gero inda yake har a yi rufi."

Ya ce ya ji. Amma Mushe ya ce kwano na zuwa jibi, kuma ba ya cikin ladabi a ƙaryata mutum kan alkawarin da ranarsa ba ta zo ba. Allah da ya ba su gero shi zai tsare musu shi. Ta juya wajen mata tana neman idon Inna Rakiya, don ta san tsohuwar ta fi kowa sanin wahalar da aka sha kafin a tara buhunan nan. Inna Rakiya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Aka shafa fatiha.

Idirisu ya yi ta sawu tsakanin Tirmini da Kwarin Gawo, motar na nishi cikin rairayi. A sawun ƙarshe, yana ɗaure igiya, ya ce wa Wasila shi dai direba ne, ko duwatsu aka ce ya kai cikin rijiya zai kai, amma ransa bai so wannan lodin ba. Ta ce me ya hana shi faɗa a buro. Ya ce Madmazel, ke da kika faɗa me aka ba ki? Ya kai kujeru ya jibge su a makarantar ƙauyen, ya kama hanyar Takieta.

Buhuna suka hau kan juna har kusan kan bango, sama buɗe a kansu. Jibi ta zo ta wuce, kwano bai zo ba. Sai ga saƙo daga Yamai cewa wani taro ya riƙe babban baƙo, an ɗaga biki. Ɗan kwangila da ya ji haka ya saki jiki gaba ɗaya, ya daina ɗaukar waya. Wasila ta je shagonsa a kasuwar Dole ta tarar da kwanon a jingine, katako a ƙasa, yaransa na shan shayi a kai. Ya rantse mata yana neman motar haya, amma masu mota sun tsauwala, kuma ba a biya shi kason ƙarshe ba. Ta koma buro, Alkasum ya ce kason ƙarshe sai an ga rufi, haka yarjejeniya ta ce. Ta ce rufi ba zai hau ba sai an biya mota. Ya ce to ai ta ga inda matsalar take, ta yi haƙuri, komai lokaci ne.

Wannan kalma ta haƙuri ita ta fi ƙona mata rai. A buron nan kowa na da digiri ko difloma, kowa ya halarci horo kan tsara aiki a otal mai sanyi, an ba shi takardar shaida ya rataye a bango. Ba wanda bai san abin da ruwa ke yi wa gero ba. Amma kowa ya iya zama ya jira, ya kira jiran tawakkali, don in abu ya lalace ba sunan kowa a kai.

Ta koma kwana a ƙauyen, a ɗakin Inna Rakiya. Da abin da ya rage na albashinta ta sayi leda mai faɗi, ba ta rufe ko rubu'in buhunan ba. Ta bi gidaje tana aron tsofaffin tabarmi da zana, wasu suka ba ta, wasu suka ce ba su da shi alhali tana hango shi a jingine. Ruwa kuwa ya ƙi zuwa. Hadari ya kan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. An ji ya sauka a Takieta, an ji ya sauka kudu da Tirmini, Kwarin Gawo ko ɗigo. A bakin rijiya mata suka fara kiranta Hana-ruwa, da farko da wasa, daga baya ba wasa. Wata ta ce mata a fuska, tunda rumbunta take ji wa tsoro, ta roƙa musu afuwa wurin gajimare, su 'ya'yansu gona suke ci.

Da daddare bayan tuwo ta tambayi Inna Rakiya me ya sa ta yi shiru ran taro. Tsohuwar ta ce maza sun riga sun gama magana, kuma baƙo da ya kawo alheri ba a kunyata shi. Wasila ta ce alherin nan rabinsa guminku ne, Inna. Tsohuwar ta ce haka ne, amma abin da aka rubuta mutum zai ci ba ya wuce shi.

Da abin ya yi tsanani liman ya kira roƙon ruwa. Gari ya fita da hantsi, maza da mata da yara, har da dabbobi, zuwa filin idi. Hanyarsu ta bi ta gaban rumbun. Wasila na tsaye a ƙofar ginin tana jin addu'ar na tashi, tana jin amin ɗin jama'a kamar guguwa. Ta san gonakin nan, ta ga irin da ke cikin ƙwarya, ta ga yaran da wuyansu ya yi tsawo. Ta ɗaga hannu ita ma. Sai ta waiga ta ga buhunan a bayanta, rana na dukansu, ta rasa abin da za ta ce wa amin. Ta tsaya haka hannu a sama, baki a rufe, har aka shafa.

Ruwan ya zo ranar wata kasuwar Tirmini, bayan la'asar, rabin mazan gari ba su dawo ba. Iska ta fara, ta ɗauke ledar Wasila ta maƙala a kan gawo, ta watsar da tabarmin. Sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki guɗa, yara suka fita tsirara suna tsalle, tsofaffi na hamdala a bakin zaure. Wasila ta hau kan buhuna tana jan zana ɗaya da ya rage, ta danne shi da jikinta, ruwa na bin bayanta yana gangarawa tsakanin buhu da buhu. Bangon siminti mai kyau da aka gina, da daɓen da ta tsaya a kai har aka yi shi daidai, su suka riƙe ruwan a ciki kamar kwatarniya. Kafin magariba layin ƙasa ya nutse.

Gero jiƙaƙƙe yana da magani ɗaya, a fitar da shi nan take a baza a rana. Aikin ƙarti ne masu yawa. Da asuba ta tafi gidan Malam Gana ta tarar da shi a ƙofa da sungumi a kafaɗa, 'ya'yansa na biye da ƙwaryar iri. Duk garin haka yake, kowa ya nufi gona. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙe shi ya ba ta maza ko na rabin yini ne.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ya san abin da ke cikin rumbun, tun jiya bai runtsa ba. Amma laimar nan ta yau ce da gobe, in ta bushe ba a shuka ba, ba wanda ya san ranar da wata za ta zo.

"Abin da ke rumbu na wata biyu ne, ɗiyata. Abin da ke cikin ƙwaryar nan na shekara ne. Ke da kika iya lissafi, wanne zan bari?"

Gaskiya ya faɗa. Wannan zaɓin bai kamata ya taɓa zuwa gabansa ba, kuma da an kai kwano a sawu ɗaya tak da bai zo ba. Ta matsa gefe ya wuce.

Ta kira Alkasum ta ce a turo ma'aikata daga birni, a turo mota, ko ta haya ce. Ya yi salati, ya ce zai ga abin da za a iya, amma ta san babu layin wannan a kasafi, sai an nemi izini daga Yamai. Ya ƙara da cewa kada ta ɗauki hoto tukuna.

Su biyu suka fara, ita da Inna Rakiya, sai wasu tsofaffin mata da ba sa iya zuwa gona. Ba su iya ɗaga buhu, sai su farke shi a inda yake su kwashe da ƙwarya su kai waje su baza a kan zannuwansu. Geron ya riga ya ɗumama, in ka tura hannu ciki kamar cikin tukunya. Suka yini suna yi, abin da suka fitar bai taka kara ya karya ba. Washegari da rana tsaka wani hadarin ya haɗu, suka kwashe na waje a guje, na ciki ya sha na biyu.

Da maza suka gama shuka suka zo, an makara. Geron buhunan sama ya yi tsiro. Saiwa ta huda algararar buhunan ta fito fara fara, a kan tulin kuwa wani kore shar ya rufe, ya fi na kowace gona a garin kyau. Na ƙasa ya yi baƙi, ya cure, yana wani tsami mai hawa kai. Mutane suka tsaya a ƙofa suna kallo. Abin da aka tsirar aka auna, bai wuce abin da gidaje kaɗan za su ci ba. Sauran aka kwashe da amalanke aka zubar a bayan gari, ko jakuna suka sunsuna suka bar shi.

Ba wanda ya zo ya ce wa Wasila ashe gaskiyarki. Abin da ya zagaya gari shi ne, yarinyar nan tun ran taro ta kira abin da bakinta, gaban masallaci, ta yi ta nanatawa har ya tabbata. A buro kuma Alkasum ya rubuta rahoto cewa ruwan sama na ba-zata, irin wanda ba a saba gani ba, ya shafi wani ɓangare na kayan ajiya. Wasila ta ce ba za ta sa hannu ba, ruwan farkon damina ba ba-zata ba ne, kowace shekara yana zuwa. Ya ce ba a buƙatar hannunta, na shugaban aiki ya isa.

Daga nan komai ya yi sauri yadda ba ta taɓa gani ba. Yamai ta sa sabuwar ranar biki. Izinin da ya gagara ya fito, aka biya ɗan kwangila, kwano ya iso, kafintoci suka rufe ginin kafin a ce me. Aka wanke daɓe, aka shafa farar ƙasa, aka turara wurin don tsamin ya ƙi fita. Idirisu ya dawo daga Takieta, aka tura shi wurin wani ɗan kasuwar hatsi a Damagaram ya aro buhunan gero, aka jera su daga ƙofa har sama yadda mai leƙowa ba zai ga bayansu ba.

Ran biki mata suka sa atamfa mai tambari, makaɗa suka yi kiɗa, aka ci rago. Alkasum ya ce wa Wasila ta zauna a baya wajen mata, don kada wani abu ya kuɓuce mata gaban baƙo. Babban baƙon ya yanke ƙyalle, ya dafa buhu aka ɗauki hoto, ya ce daga yau Kwarin Gawo ta yi ban kwana da yunwar damina. Ya miƙa wa Inna Rakiya mabuɗi, ta karɓa da hannu biyu. Ana cikin haka ruwa ya sauko, manya suka fake cikin rumbun, kwano na ta ƙara a kansu. Baƙon ya ɗaga kai ya duba, ya yaba, ya ce ko ɗigo ba ya shiga.

Da la'asar ruwa ya ɗauke, motocin baƙi suka tafi. Ɗan kasuwa ya ce kada geronsa ya kwana a ƙauye, saboda haka Idirisu ya juyo da kamiyo ya kafa bayanta a ƙofar rumbun. Samarin gari, waɗanda za su nemi geron nan nan da 'yan makonni, su suka yi lodin. Wasila na tsaye gefe da Inna Rakiya suna kallon buhu na bin buhu. Idirisu bai dubi kowa ba, ya ja tamfol sabo fil ya lulluɓe lodin, ya ɗaure ta ko'ina, don ɗan kasuwar ya ce in ɗigo ɗaya ya taɓa masa kaya ƙungiya za ta biya.

Da motar ta tashi, Inna Rakiya ta leƙa cikin ginin. Daɓe fes, kusurwa ɗaya kawai ke da 'yan buhunan da suka shanya da hannunsu. Ta ja ƙofar ƙarfen ta sa kwaɗo, ta murza mabuɗi, ta gwada ta ji ya kama.

"Inna, me kike kullewa?"

Tsohuwar ta ɗaure mabuɗin a bakin sabon zanenta, ta yi masa ƙulli biyu.

"An ce in riƙe, ɗiyata."

Ta juya ta nufi gida. Wasila ta tsaya a wurin, tana jin nishin motar cikin jiƙaƙƙen rairayi har ta hau hanyar Tirmini.